Sharhi kan aikin wani mai gyaran kwamfuta a PZ: sabuntawar Windows ta sauka ba tare da formatin ba

Duk wanda ya saba kai kwamfuta wurin gyara a Zariya ya san maganin da ya fi saurin fitowa daga bakin masu gyara, wato a yi formatin, a goge komai da ke cikin kwamfuta a sake girka Windows, ko da kuwa abin da ke damun na'urar bai kai ya kawo ba. Dalilin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan sharhi shi ne na samu wani matashi a wani ƙaramin shago da ke PZ wanda bai bi wannan hanya ba, ya tsaya ya binciki abin da ya hana sabuntawar Windows sauka a kan laftof ɗina, ya kuma gyara ta ba tare da ya taɓa ko fayil ɗaya daga cikin takarduna ba. Aikin nasa yana da nakasu, zan kuma faɗe su, amma a wannan fannin ya cancanci yabo.

Laftof ɗin ta hannu ce, tana ɗauke da Windows 10, kuma a cikinta nake ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai da tambayoyin zangon karatu, don haka maganar goge komai ba ta taso ba. Tun cikin damina ta fara nuna alamar matsala: sabuntawar wata-wata takan fara sauka, ta ɗan yi gaba, sai ta tsaya cak, daga baya a rubuto cewa an kasa, tare da wata doguwar lamba a ƙarshe. Kowace sake gwadawa kuma data take ci, domin da hotsfot na waya nake shiga intanet a gida. Na yi amfani da manhajar gano matsala da ke cikin saitunan Windows, ta yi bincikenta ta kammala, amma saukarwar ba ta wuce inda take tsayawa ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayarsa ta farko. Bai tambayi ko ina da kwafin takarduna a filash ba, wadda ita ce tambayar mai shirin formatin; cewa ya yi, "Malam, wace lamba take nuna maka?" Na nuna masa hoton da na ɗauka da waya, lambar ita ce 0x80072F8F. Yana gani ya kai yatsa kusurwar allon ta dama a ƙasa, inda agogo yake, sai ga shi kwanan watan ya koma baya da shekaru. Ya bayyana mini cewa kwamfuta ba ta karɓar sabuntawa sai ta tantance takardar shaidar tsaro ta uwar garken da take magana da ita, wato babbar kwamfutar da sabuntawar ke fitowa daga gare ta, kuma kowace irin wannan shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogon kwamfuta yana wata shekara dabam, sai ta ɗauka shaidar ba ta da inganci, ta yanke hulɗar tun kafin a yi nisa. Sau da yawa agogon yakan gyara kansa idan an hau intanet, shi ya sa matsalar take zuwa tana tafiya, har mutum ya ɗora laifin a kan sabis.

Tushen abin kuwa wani ɗan ƙaramin batir ne mai siffar kwabo da ke maƙale a jikin allon cikin kwamfuta, wanda aikinsa shi ne riƙe agogo da saitunan farko idan an kashe na'ura. A laftof ta hannu da ta yi shekaru, ga babban batirin ya yi sanyi, ga yawan ɗauke wuta da ke sa ta mutu gaba ɗaya, wannan ɗan batir yakan ƙare ba tare da kowa ya lura ba. A gabana ya kwance murfin ƙasa, ya jera kusoshin a kan wani farin ƙyalle bisa tsarin ramukan da ya ciro su, ya zare tsohon batirin mai lamba CR2032 wanda ke naɗe cikin baƙar roba da siririyar waya mai launi biyu, ya sa sabo. Daga nan ya saita yankin lokaci zuwa na Yammacin Afirka ta Tsakiya, wanda yake gaban agogon GMT da awa ɗaya, domin ashe tun daga ƙasar da aka shigo da ita ba a taɓa canza shi ba.

Gyaran agogo bai kawo ƙarshen lamarin ba. Da ya sake gwadawa, saukarwar ta wuce inda take tsayawa, sai wata lambar ta fito, 0x80070070, wadda ma'anarta ita ce babu isasshen wuri a faifan ajiya. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Ya buɗe manhajar share tarkace ta Windows, ya cire fayilolin wucin gadi da ragowar tsofaffin sabuntawa, ya kuma nemi izinina kafin ya kwashe bidiyoyin bikin makaranta zuwa filash. Neman izinin nan na yaba da shi, domin akwai masu gyaran da sai an dawo gida ake gane abin da suka share.

Mataki na uku shi ne wanda na fi ƙaruwa da shi, kuma shi ne nake ganin ya fi shafar mutanenmu da ke fama da yankewar sabis da ɗauke wuta. Windows tana tara abin da ta sauke a wata folda mai suna SoftwareDistribution da ke cikin babbar foldar Windows. Idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke ana tsakiyar aiki, wani lokaci fayil yakan lalace a can, kuma duk sanda aka danna sake gwadawa sai kwamfuta ta koma kan wannan gurɓataccen fayil ɗin. Abin da ya yi shi ne ya buɗe baƙin allon rubuta umarni da ikon mai kula da na'ura, ya tsayar da ayyuka biyu, wuauserv wanda ke kula da sabuntawa da kuma BITS wanda ke jigilar fayiloli a bayan fage, sannan ya canza wa foldar suna maimakon ya goge ta, ya sake tayar da ayyukan. Windows da kanta ta ƙirƙiri sabuwar folda fanko. Na tambaye shi, "Injiniya, me ya hana ka goge ta kawai?" Ya ce idan an canza suna ana iya mayar da ita yadda take idan wani abu ya karkace, wanda aka goge kuwa ya tafi. Bayan haka ya gudanar da umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, ya biyo da sfc /scannow, kuma ya jaddada cewa jerin yana da muhimmanci, saboda na farkon yana gyara rumbun da na biyun yake ɗebo lafiyayyun fayiloli daga ciki. Na farkon ya daɗe a tsaye a wuri ɗaya har na ɗauka ya maƙale, amma ya ce halinsa ke nan, kada a rufe allon.

Don kada a sake dogaro da sabis mai rawa, babbar sabuntawar bai bar ta ta sauka ta hanyar da aka saba ba. Ya duba lambarta da ke farawa da haruffan KB, ya nemo ta a rumbun Microsoft Update Catalog, ya sauke ta a matsayin fayil guda da intanet ɗin shagonsa, ya girka ta da hannu, ya kuma ba ni kwafi a filash. Ga makarantu da ƙananan ofisoshi da ke da kwamfutoci masu sigar Windows iri ɗaya, wannan dabara ce ta tattalin data, domin saukarwa ɗaya za ta wadatar da dukkansu, matuƙar an zaɓi fayil ɗin da ya dace da sigar da kuma nau'in na'urar, ko mai bit 64 ce ko mai bit 32.

Inda aikin ya gaza kuwa, na farko shi ne ya kashe saitin da ke shaida wa Windows cewa data ɗina a ƙididdige take, bai kuma mayar da shi ba, bai gaya mini ba. Kashewar tana da hujja a lokacin gyara, saboda idan saitin yana kunne Windows takan jinkirta yawancin sabuntawa, amma da na koma gida na haɗa hotsfot, sauran manhajoji suka shiga sabunta kansu har data ta ƙare a dare ɗaya. Mai gyaran da ya san halin da abokan cinikinsa suke ciki bai kamata ya manta da wannan ba. Na biyu, shagon ba ya ba da rasit ko wata takarda da ke nuna abin da aka yi, duk bayanin da ke sama daga abin da na rubuta a wayata ne ina zaune a gefensa. Ga kuma jira, domin shi kaɗai ne ke wannan aiki, yana yi ana katse shi da masu neman a tura musu fayil ko a duba musu caja, kuma da wuta ta ɗauke sai da aka jira aka tayar da janareto.

Akwai kuma wata shawara tasa da ban karɓa ba. Microsoft ya sanya ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, wadda ta fito tun 2015 kuma sigarta ta ƙarshe ita ce 22H2. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, da wurin ajiya na gigabait 64, da kuma injin sarrafawa na zamani, wanda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas ne zuwa sama. Tawa zubi na shida ce, don haka ba ta cika sharaɗi ba. Ya ce zai iya tsallake binciken ya ɗora mini Windows 11 a hakan, kamar yadda ake yi wa mutane da yawa. Na ƙi, domin kamfanin ya bayyana cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta da tabbacin ci gaba da samun sabuntawa, ni kuwa matsalar sabuntawa ce ta kawo ni shagon. Ya kyautu a ce shi ya fara faɗin wannan sharaɗi kafin ya yi tayin. Abin da ya fi dacewa da irin na'urata shi ne shirin tsawaita sabuntawar tsaro da aka sanar ga ɗaiɗaikun masu amfani har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, wanda shi ma sai kwamfuta tana kan 22H2 da sabuntawarta cikakkiya ake iya shiga. Wanda ke kan Windows 10 bai shiga wannan shiri ba, idan ya ga sabuntawar wata-wata ta daina zuwa bayan wa'adin 14 ga Oktoba, 2025, ba lalacewa ba ce, kuma babu foldar da za a canza wa suna ta dawo da ita.

Kuɗin da ya karɓa, har da na batirin, bai wuce abin da ake biya na formatin a shagunan Samaru da Kongo ba, alhali na formatin yana zuwa da wahalar sake girka kowace manhaja. Tun daga lokacin agogon bai sake komawa baya ba. Zan sake kai masa aiki, amma kafin in bar shagon zan buɗe saitunan intanet in duba da idona ko an mayar da ƙididdigar data yadda take.