Wayar lasifika mai tsada: abin da na ji a ɗaki da abin da na ji a fili

Duk mai shirin zuba kuɗi a wayar lasifika irin ta cikin kwali mai sheƙi, ya fara auna tazarar da ke tsakanin amfilifayarsa da lasifikarsa. Idan a ɗaki ne, mita biyu ko uku, ya riƙe kuɗinsa. Idan kuwa fili zai ja waya, to akwai magana, kuma maganar ta kauri ce da ingancin jan ƙarfen da ke ciki.

Ina zaune a wani ƙauye a yankin Ringim. Ina da amfilifaya ta gwanjo da lasifika biyu masu akwatin katako, wuta kuma daga sola da inbata. Bayan isha'i nakan saurari tsofaffin kiɗan kalangu da kukuma, da azumi kuma tafsiri. Ina son sauti mai tsabta ƙwarai, ina son in ji jan bakan kukuma a kan tsirkiya, ba hayaniya kawai ba. Shi ya sa da na shiga Sabon Gari a Kano mai shago ya ɗauko min wannan wayar, na tsaya na saurare shi. A kwalin an rubuta cewa jan ƙarfen tatacce ne, an cire masa iskar oksijin, kawunan kuma an yi musu ruwan zinare. Ya ce min: "Alhaji, in ka sa wannan sai ka rantse makaɗan na zaune a gabanka." Guda biyu ne, kowacce mita uku, kuɗin ya kusa rabin na buhun taki.

A ba ta haƙƙinta, aikin hannun yana da kyau. Robar tana da laushi, ta ga hunturu ba ta tsage ba, alhali wayoyin banza da sanyi ya shigo sai su ƙage su fara fashewa. Kawunan suna kama ramin amfilifaya gam, ba sa rawa. Ruwan zinaren ma yana da amfani na gaske, domin zinare ba ya tsatsa, damina ta wuce kawunan na nan fes.

Daren da na sa ta, na ji sautin ya washe. Da na faɗa wa ƙanena, wanda ya yi karatun lantarki, sai ya ɗauki tsohuwar wayar ya nuna min bakinta: zaren ya yi baƙi, wasu sun tsinke, ƙura ta cika wurin ɗaurin. Ya datse bakin, ya fere sabo, ya murɗe shi, ya goge maɗaurin. Sannan ya ce: "Yaya, juya baya. Ni zan riƙa canzawa, kai ka faɗi wacce ke ciki." Ba a taɓa maɓallin ƙara ba, kiɗan kuma guda ne. Na kira abokaina biyu masu kunne, muka zauna a tabarma muna fuskantar bango. Wani lokaci mu dace, wani lokaci mu ce mai tsada ce alhali tsohuwar ce, har ya taɓa ƙin canzawa gaba ɗaya, ɗayanmu ya ce yanzu kam bes, wato kaurin sautin, ya ƙaru. Tsohuwar wayar nan ta wayarin ce mai zare-zare, kaurinta milimita 1.5 (1.5mm²). Washewar da na ji a daren farko ta gaske ce, amma tsabtar mahaɗi ce ta kawo ta.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne ga wanda ya taɓa noman rani. Tiyo siriri in gajere ne yana kai ruwa lafiya, amma ka ja shi zuwa ƙarshen gona sai ruwan ya riƙa fita da ƙyar. Haka waya take da wuta. A bayan lasifika za ka ga an rubuta 8Ω ko 4Ω, wato om 8 ko om 4, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tauye wucewar wuta. Masu aikin sauti suna bin ƙa'idar cewa turjiyar waya kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na wannan adadin. Jan ƙarfe mai milimita 1.5 yana da turjiyar kusan om 12 a kilomita guda. Mita uku zuwa da dawowa mita shida ke nan, kusan om 0.07, bai kai kashi 1 cikin 100 na om 8 ba. To wane gibi ne ya rage da wayar mai tsada za ta cike?

Wannan gardamar ta daɗe a ƙasashen waje. Tun 1979 da Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a Amurka kasuwar wayoyin alfarma ta buɗe. A 2007 James Randi, wani mai fallasa da'awar ƙarya a Amurka, ya sa dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wata wayar lasifika ta dala 7,250 da wata mai sauƙin kuɗi ta kunne kaɗai. Gwajin bai gudana ba, kuɗin ma ba wanda ya karɓa.

Inda waya ta nuna min halinta shi ne a wata walimar saukar Alƙur'ani da aka ari kayana. An ajiye amfilifaya a zaure, lasifikan kuma a ƙarƙashin darbejiya, tazarar kusan mita 30. Masu walimar suka kawo nasu naɗin waya, irin ja da baƙi ɗin nan siririya. Aka haɗa lasifikan biyu a layi ɗaya, abin da ya mayar da su om 4. Muryar mai karatu ta yi ƙasa, ta saki, na ƙara wuta har amfilifaya ta ɗau zafi, na baya suna ta cewa ba sa ji. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke wurin ya karɓi guntun wayar, ya kankare zaren da wuƙa, sai ga fari ya fito. Ya sa masa ashana, zaren ya lanƙwashe ya marmashe. Ya ce: "Ɗana, wannan ai alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe."

Wannan abu ya ɓata min rai, domin shi ne cutar da ake yi wa mutanenmu kullum. Alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. Waya mai milimita 0.75 ta jan ƙarfe zalla, a mita 60 na zuwa da dawowa, ta kai kusan om 1.5. Ta alminiyom ta haura om 2. A kan lasifikar om 4, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin amfilifaya ke nan yana ƙarewa a hanya. Aka aika yaro a babur ya aro naɗin milimita 2.5 na jan ƙarfe daga wani mai wayarin, wanda asararsa a wannan tazara ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Nan take muryar ta cika fili, har matan da ke cikin gida suka aiko cewa yanzu suna ji. Wannan bambancin ba ya buƙatar a juya wa kowa baya.

Wayar makirfo ma tana da nata sha'anin. Wutar da ke bi ta cikinta kaɗan ce ƙwarai, don haka in ba ta da saƙar kariya a jikinta, sai ta kwaso gurnanin janareta ko na inbata. Mai kai irin na ƙafa uku ita ce ke kashe wannan gurnanin, kuma kada a shimfiɗa ta kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta. Masallatan da ke da lasifikar ƙaho a saman hasumiya kuwa, in amfilifayarsu tana da layin bolt 100 kamar yadda yawancin na kamfanonin Ahuja da TOA suke da shi, kuma lasifikan na da ƙaramar taransifoma, waya matsakaiciya tana kai nesa ba tare da asara mai yawa ba.

Wayar kwalin tana nan a ɗakina, ina amfani da ita, kuma ina sa ran za ta daɗe. Amma ba zan sake sayen irinta ba, ba kuma zan ce wani ya saya ba. Abin da na saya daga baya shi ne naɗin milimita 2.5 na jan ƙarfe don aikin fili. Kafin in biya na sa mai shago ya yanko min guntu, na kankare shi a gabansa, na ɗaga naɗin na ji nauyinsa, domin na alminiyom sakayau yake a hannu. Idan mai shago ya hana ka kankarewa, ka wuce shago na gaba.