Makarantar Hawan Igiyar Teku a Busua: Darasi Mai Kyau, Masauki Mai Rauni

Na yi kwana shida a cikin watan Janairu a Busua, wani ƙaramin garin masunta da ke bakin tekun Atilantika a yammacin ƙasar Gana, kimanin kilomita 30 daga Takoradi, kuma abin da ya kai ni shi ne koyon hawan igiyar teku a kan allo. Tun kafin in bar gida na biya ɗaya daga cikin ƙananan makarantun da ke bakin yashin garin kuɗin darasi biyar da hayar allo da ɗakin kwana da kuma ɗauko ni daga tasha, duk a dunƙule. Wannan dunƙulewar ita ce kuskuren da na yi, domin abubuwan da aka haɗa mini ba su yi kusa da juna a inganci ba.

Daga Akara zuwa Takoradi kilomita 200 ne da 'yan kai, amma motar da na shiga a tashar Kaneshie ta shafe kusan awa shida a hanya, kuma cunkoson Kasoa, garin da sunansa ya samo asali daga kalmarmu ta kasuwa, shi ya cinye kaso mai yawa na wannan lokaci. Daga Takoradi sai mutum ya sake mota zuwa Agona Nkwanta, inda hanyar Busua ke rabuwa da babban titi, kuma a nan ne direban makarantar ya kamata ya tarbe ni. Na sauka bayan magariba, ban ga kowa ba, na buga lambar da aka ba ni har sau huɗu ba a ɗauka ba. Wani dattijo mai tsire a gefen tashar ne ya ji ina magana da Hausa a waya, ya ce, "Samari, daga ina?" Na ce, "Baba, daga Zariya, Busua za ni." Ya bar tukubarsa a hannun yaronsa, ya raka ni har inda tasin haɗaka ke lodi, ya kuma gaya mini kuɗin da 'yan gari ke biya domin kada a yi mini farashin baƙo. Da na isa, ma'aikacin makarantar ya ba ni haƙuri da cewa an manta da ni ne kawai, abin da na yaba masa shi ne bai ƙirƙiro wani uzuri ba.

Da dare ƙarar teku kawai na ji, sai da gari ya waye na ga wurin da na zo. Gaɓar ta lanƙwasa kamar lauje, yashinta mai faɗi ne, a can cikin ruwa kuma ga ɗan tsibirin Abokwa da bishiyoyin kwakwarsa, ga kwale-kwalen masunta masu fenti da tutoci an jawo su kan tudu. Hazon hunturu ya rufe sararin sama kamar yadda yake yi a gida. Malamin da aka haɗa ni da shi, wani saurayi ɗan ƙabilar Ahanta wanda a garin aka haife shi, ya bayyana mini cewa iskar nan ta arewa maso gabas da ke fasa mana leɓɓa ita masu hawan igiya suke maraba da ita, saboda daga tudu take busowa zuwa teku, sai ta riƙe fuskar igiyar ta yi sumul kafin ta karye. Manyan igiyoyi kuwa daga guguwar kudancin Atilantika mai nisa suke tasowa, kuma sun fi ƙarfi daga wajen Afrilu zuwa Satumba, don haka Janairu lokacin ɗan koyo ne.

Darasin farko shi ne dalilin da ya sa nake ba da shawarar wannan makaranta duk da laifuffukanta. Mun yi kusan awa guda ba mu taɓa ruwa ba. Ya tsayar da ni a kan yashi ya ce in nuna masa inda nake ganin ya fi aminci, ni kuwa na nuna wani wuri mai duhu da ke kwance luf, inda igiya ba ta karyewa. Ya ce nan ne ruwan da igiyoyi suka turo bakin gaɓa yake komawa teku da ƙarfi, kuma duk wanda ya faɗa ciki ya yi ƙoƙarin iyo kai tsaye zuwa tudu, gajiya za ta kayar da shi kafin ya ci taku goma. Abin yi shi ne a bi gefe, a layin gaɓar, har a fita daga jan ruwan. Ni da na koyi iyo a kududdufi da madatsar ruwa, inda wurin da ya kwanta shi ne wurin hutu, wannan bayanin ya rushe duk abin da nake taƙama da shi. Daga nan ya koya mini kada in taɓa sa allo tsakanina da igiya, in rufe kai da hannuwa idan na faɗi, in kuma faɗi a kwance maimakon da ka, tunda ruwan wurin koyo bai wuce ƙugu ba. Domin ya gane ƙafar da zan riƙa sa wa a gaba, sai ya zagaya bayana ya ture ni ba zato, ƙafar hagu ta yi gaba, ya ɗaura mini igiyar da ke haɗa mutum da allon a idon sawun dama.

Allon da aka ba ni na soso ne mai tsawon ƙafa 9, mai faɗi, wanda ko ya bugi mutum ba ya fasa masa goshi. Ƙasan tekun a nan yashi ne, babu duwatsu a wurin da ake koyarwa, ruwan kuma yana da ɗumi, riga mai dogon hannu da wando mai kai gwiwa sun isa, wanda hakan ya warware mini damuwar sutura tun kafin in tambaya. Kwana biyun farko ban yi komai ba sai shan ruwan gishiri, haƙarƙarina ya yi tsami saboda kwanciya a kan allo, kafaɗuna kuma suka yi nauyi kamar na yini ina huɗa. Malamin yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, yana riƙe bayan allon, idonsa yana kan teku ba kaina ba, kuma ya fi barin igiyoyi uku ko huɗu su wuce kafin ya zaɓi ɗaya ya tura ni. A rana ta uku na miƙe tsaye na 'yan daƙiƙoƙi, allon ya ɗauke ni da wani irin sulɓi marar ƙara har yashi ya kankare ƙasansa. A rana ta huɗu ya daina tura ni, ya koma gefe yana nuna mini da hannu lokacin da zan fara tuƙi, kuma a ganina wannan ne alamar malamin kirki, domin wanda ke son ƙarin kuɗin darasi zai ci gaba da tura mutum har ranar tafiyarsa.

Ofishin makarantar bai kai malaminta ba. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, lokacin kuma yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana, shi ya sa ba a iya tsayar da sa'a ɗaya ta darasi. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma ba a sanar da ni ba, har na yi zaman awa ɗaya da rabi a rana ta biyu ina jira. Maɗaurin igiyar allo na farko ya tsufa yana kwancewa da kansa, sai da na yi magana aka canza. Hotunan da wani yaro ya riƙa ɗauka daga bakin gaɓa, waɗanda na zaci suna cikin kuɗin da na biya, ashe nasu kuɗin daban ne. Sai dai da na ce ranar Juma'a ina son in gama da wuri saboda masallaci, malamin ya mayar da darasin bayan sallar asuba ba tare da wata jayayya ba.

Ɗakin kwanan shi ne mafi rauni. Gidan sauron ya yage a kusurwa biyu, a yankin da zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne, kuma dare biyu aka ɗauke wuta ba a tayar da janareto ba, fanka ta tsaya, zafi da laima suka hana barci. Daren Asabar kiɗan mashayar da ke maƙwabtaka bai lafa ba sai wajen ƙarfe biyu. Karin kumallon burodi ne da ƙwai da shayi kullum, don haka na koma cin abinci a cikin gari, inda dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da yajin shito suka fi arha suka kuma fi daɗi nesa ba kusa ba. Wanda ke kiyaye halal ya tsaya a kan kifi, ya kuma riƙa tambaya kafin ya ci nama.

Makarantar na sayar da rakiya zuwa Dixcove, garin da ke yamma, amma tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa da ba ta buƙatar ɗan jagora. A can ne ganuwar Metal Cross take, wato ginin tsaro na bakin teku, wadda Ingilishi suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 aka kuma yi cinikin bayi a cikinta, tana cikin ganuwoyin gaɓar Gana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Ta gabas kuma akwai Butre da kangon ganuwar Batenstein da mutanen Holan suka gina a 1656, kuma nan ne rakiyar ta fi amfani.

Wanda zai je ya biya kuɗin darasi da allo kaɗai, ya nemi ɗaki da kansa bayan ya gani da ido, ya riƙe tsabar sidi, kuɗin Gana, a aljihu, ya kuma tafi da katin rigakafin shawara, tunda ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza amma ana neman katin. Wanda bai iya iyo ba ya koya tukuna. Kuɗin ɗauko ni daga tasha ba a mayar mini ba, a maimakonsa aka ba ni allo kyauta a safiyar ƙarshe, na shiga ruwa ni kaɗai malamin yana kallo daga tudu, na kama igiya biyu da kaina, na kuma makara har tasin farko na Agona ya tafi ya bar ni.