Sharhi Kan Na'urar ELM327 a Tsohuwar Mota Mai Gardamar Tashi da Safe

Motata ƙirar Japan ce ta shekarar 2003, irin waɗanda suke shigowa ta Kwatano, kuma tun da sanyin hunturu ya kankama ta fara gardamar tashi da safe. Kik yana juyawa da ƙarfinsa, amma injin ba ya kamawa sai an daɗe ana murza makulli, idan ya kama kuma sai ya yi ta kakkarwa kafin ya daidaita. Da rana kuwa, muddin ba ta daɗe a tsaye ba, ki ɗaya take tashi. A gareji shawara ta rabu uku, wani ya ce batir, wani ya ce fulogi, babban cikinsu kuma ya ce, "Malam, famfon mai ne, a sayo sabo kawai." Ba na zargin kowa da mugun nufi, amma gyaran da ake yi ta hanyar canza kaya ɗaya bayan ɗaya har a dace yana cin kuɗin mai mota ƙwarai, shi ya sa na sayi ƙaramar na'urar gwaji ta ELM327, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na sabon batir ba.

Na'urar ba ta kai akwatin ashana biyu ba, kuma ana cusa ta ne a wani soket mai ramuka 16 da yake ƙarƙashin sitiyari. Wannan soket na tsarin OBD-II ne, wato hanyar karanta bayanan kwamfutar mota, wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun daga 1996, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur. Asalin ELM327 ƙirar kamfanin Elm Electronics ne na Kanada, sai dai mafi yawan abin da yake kasuwa kwaikwayo ne marar sunan maƙeri, kuma tawa ma irinsu ce. Na haɗa ta da wayar Android ta Bluetooth, na buɗe manhajar Torque, na murza makulli har fitilun gaban direba suka kama, sai ta fara magana da kwamfutar motar ba tare da wata wahala ba.

Abin da ta fara nuna mini bai faranta mini rai ba, domin ba ta sami ko ɗaya ba daga cikin lambobin da kwamfutar mota take ajiyewa idan ta gano matsala. Na yi zaton zan ga P0335, wadda take nuni ga sensar juyin injin, ko P0300 ta fashin wuta a silinda. A nan ne mutane da yawa suke cire ta su ce ba ta aiki, alhali amfaninta na gaskiya yana shafin da yake nuna abin da kowace sensa take faɗa wa kwamfuta a daidai wannan lokaci. Da sassafe, motar ta kwana ba a taɓa ta ba, sensar iskar da take shiga injin ta nuna digiri 17 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya yi daidai da sanyin garin, amma sensar ruwan injin ta nuna 64. Na buɗe bonet na ɗora hannu a kan tiyon lagireto, na ji shi sanyi ƙalau. Motar da ta kwana a tsaye dole waɗannan lambobi biyu su yi kusa da juna, saboda haka ɗaya daga cikinsu ƙarya take yi.

Fetur ba ya saurin zama tururi a injin mai sanyi, don haka kwamfuta tana ƙara yawan man da nozul yake fesawa a lokacin tashi, wato aikin da cok yake yi a motoci masu kafireto. Idan sensa ta ce mata injin ya riga ya ɗumama, sai ta rage man, injin ya yi ta juyawa ba ya samun abin ƙonawa isasshe. Ba ta kunna fitilar gargaɗi ba ne domin 64 lamba ce mai yiwuwa, ita kuwa kwamfutar wancan zamanin ta fi gane waya da ta tsinke ko ta haɗe. Da mai wayarin ya canza sensar ya kuma goge tsatsar da ta kama bakin soket ɗinta, lambobin biyu suka daidaita, kakkarwar safiya ta tafi. Wani abin da ya burge ni shi ne, yayin da ake murza makulli na ga juyin injin yana karantawa wajen 200 a minti ɗaya, wanda ya tabbatar da cewa sensar juyi tana aika saƙo, ya kuma hana a taɓa ta.

Sai dai matsalar ba ta ƙare gaba ɗaya ba, kuma ragowarta ce ta nuna mini iyakar na'urar. Idan motar ta yi awanni a tsaye, har yanzu tana ɗan jan lokaci kafin ta kama. Yawancin motocin wancan lokacin ba su da sensar da take auna matsin mai a bututu, saboda haka babu abin da waya za ta nuna a kai. Tsohuwar dabara ce ta yi aiki: a murza makulli har fitilu su kama, a saurari ƙugin famfo daga wajen tanki na ɗan daƙiƙu, a kashe, a maimaita, sannan a yi ki. Da aka yi haka sai ta tashi nan take, alamar cewa bawul ɗin da yake riƙe mai a bututu ya gaji, man yana komawa tanki. Babban makaniken garejin ya tabbatar da haka da agogon auna matsi, ashe maganarsa ta farko tana da rabin gaskiya, kuma na amince a canza famfon ne bayan na ga allurar tana sauka da idona.

Game da batir ma ban ga ya kamata a dogara da na'urar ba. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 a hutawa, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da kik yake aiki, sannan idan injin yana gudana ana sa ran 13.8 zuwa 14.4. Abin da tawa take nunawa ya saɓa wa mitar mai wayarin da kusan rabin volt, kuma wani lokaci haɗin yakan yanke a daidai lokacin da kik ya ja wuta, wato lokacin da aka fi buƙatar ganin lambar. Haka nan soket ɗin yana da wuta ko da an zare makulli, don haka barin ta a ciki kwanaki yana tsotse batir a hankali, musamman wanda ya tsufa.

Maɓallin goge lambobi shi ne abin da na fi jin tsoronsa a hannun wanda bai san aikinsa ba. Yana kashe fitilar gargaɗi ba tare da ya gyara komai ba, yana kuma share bayanan da kwamfuta ta adana na yanayin da injin yake ciki lokacin da matsalar ta faru, waɗanda makanike zai iya amfani da su. A ɗauki hoton shafin kafin a goge.

Ina ba mai motar fetur da take da wannan soket shawarar ya mallake ta, idan zai haƙura ya koyi karanta lambobin sensa, ya kuma riƙe mita da makanike na gari a gefe. Mai iPhone ya nemi wadda take aiki da Wi-Fi ko sabon nau'in Bluetooth, domin mai arahar ba ta haɗuwa da wayarsa. Wanda yake tuƙa Peugeot 504 ko 505, ko wata mota mai kafireto, ba shi da inda zai cusa ta, kuma motocin Turai na kafin 2001 wasu suna da soket ɗin amma ba sa amsawa, don haka gara a gwada ta a jikin motar a gaban mai shago kafin a biya.