Ɗanyen wake na kasuwa a gindin dutse: gajere ko mai hawa?

Ɗan'uwa, ka ce gonarka tana gindin duwatsun Kagoro a kudancin Kaduna, kana so ka noma waken da ake cin kwansonsa ɗanye don kai wa kasuwar Jos da Abuja, kuma kana tambaya wanne ya fi tsakanin gajeren iri da mai hawa sanda.

Da farko ka cire waken hatsi daga lissafi. Kanannado da ire-iren SAMPEA da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar don ƙwaya aka yi su, kwanson yana saurin yin zare ya yi tauri. Kanannado ma ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, ka ga bai dace da mai son kai kaya kasuwa a kai a kai ba.

Gajeren iri yana tsayawa da kansa, ba ruwansa da sanda. Kashi Kanchan, wanda cibiyar binciken kayan lambu ta Baranasi a Indiya ta fitar, misali ne: tsayinsa bai wuce santimita 60 ba, ana fara tsinka daga kwana 50 zuwa 55, kwanson yana kai santimita 30, kuma tsawon yini bai dame shi ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ma ta samar da irin wannan. Kuɗin farawa kaɗan ne, amma yana zuba 'ya'yansa cikin 'yan makonni ya gama.

Mai hawa, wato dogon wake irin na Asiya, ko wanda Inyamurai ke kira akidi enu, sai ka tanadi gora da igiya da ma'aikata. Yana ɗan jinkiri, wajen wata 2 kafin tsinkar farko, sai dai in ya fara zai daɗe yana ba ka, kwanson na Asiyan ma ya kan wuce rabin mita.

A nan wurinka ne zai yanke hukunci. Kagoro wuri ne mai ruwan sama da yawa da laima. Gajeren iri kwansonsa yana kusa da ƙasa, ruwa ya faɗo ya watsa masa laka, ya yi tabo ya ruɓe, dillali kuwa da ya ga tabo ya karya farashi. Mai hawa yana rataye a sama, iska tana ratsa shi, kwanson ya miƙe tsaf. Don haka da damina ni mai hawa zan zaɓa, kunyoyin kuma a gicciye da gangaren, kada ruwa ya kwashe maka ƙasa. Gajeren ka ajiye shi don noman rani a fadama, inda ba laka kuma kana son kuɗi su juyo da wuri.

Duka biyun tsutsar maruka mai huda fure da kwanso, da kuma darɓa, ba sa ƙyale su. Tunda kowane kwana 2 ko 3 ake tsinka, ka duba kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka da aka rubuta a jikin maganin feshi, domin kwanson kai tsaye zai shiga tukunya.

Kafin ka sayi iri, ka je wajen masu kayan gwari ka ji tsawon da masu saye ke nema. Sannan ka gwada kunya kaɗan na kowanne a daminar bana.