Ryzen 5 5600G ga mai haɗa kwamfuta da kuɗi kaɗan: abin da take so da abin da ba ta ɗauka

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, kuma kuɗinsa ƙidayayye ne, katin hoto ne ke fara karya masa lissafi, domin kati ɗaya mai ɗan dama yakan lashe kaso mafi tsoka na kuɗin. Shi ya sa har yanzu furosesar Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD ba ta rasa masu nema ba, duk da cewa tun watan Agustan 2021 ta shigo shaguna. Sashen hotonta a cikinta yake. Ka jona monita a bayan madabod, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, hoto ya fito, ba sai ka sayi kati ba.

Furosesa ce mai cibiyoyin aiki shida da layukan aiki goma sha biyu, tana tashi daga 3.9 GHz ta kai 4.4 GHz, a ajin wat 65 take, kuma idan sabuwa ce a kwalinta akwai fankar Wraith Stealth a ciki, da man sanyaya an riga an shafa mata. Sashen hoton kuwa Radeon ne na zuriyar Vega mai rukuni bakwai. Aikin ofis, karatu, intanet, CorelDRAW da Photoshop na masu shagon buga takardu, duk tana yinsu ba tare da nishi ba. Wasanni irin su GTA V da Valorant suna tafiya a 1080p idan aka sassauta ingancin hoto. Sababbin wasanni masu nauyi kuwa, kada a yaudari kai, sai dai a sauka zuwa 720p, wasu ma ko hakan ba za su yi daɗi ba.

Kafin komai a duba harafin G da ke ƙarshen sunan. Akwai Ryzen 5 5600, akwai 5600X, akwai 5500, duk soket ɗaya suke shiga, wato ramin da furosesa ke zama a madabod, amma babu ɗaya cikinsu da ke da sashen hoto. Wanda ya ɗauko ɗaya daga cikinsu ba tare da kati ba, fankoki za su juya, fitilu su kama, monita kuma ta tsaya baƙi ƙirin, ya yi ta zargin madabod alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙanwar 5600G, wato 5600GT, da ta fito a farkon 2024 ita ma tana da hoto, kusan abu ɗaya ne, ta ɗan fi ta gudu kaɗan. Wadda ta fi araha a cikinsu ita za a ɗauka.

Soket ɗinta AM4 ne, kuma nan ne ruɗani yake. AMD ta daɗe a kan wannan soket, tun 2016, don haka madabod da yawa suna da ramin da furosesar za ta zauna daram, amma zama a rami daban, tashi daban. Abin da ke tayar da ita shi ne BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin bod ɗin. Bod nau'in B450, alal misali, tun 2018 ya fito, shekara uku kafin a haifi 5600G. Idan bod ɗin ya daɗe a ajiye, ko na hannu ne da wani ya yi amfani da shi, akwai yiwuwar BIOS ɗinsa bai san ta ba. Hatta A520 da B550, waɗanda suka fito a 2020, na farko-farkonsu sai an sabunta musu. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, a nemo cikakken sunan samfurin har da lambar bugunsa, a buɗe jerin furosesoshin da yake ɗauka, a ga lambar BIOS da aka rubuta a gaban 5600G, sannan a kwatanta da wadda ke kan bod ɗin. Maganar mai shago cewa “ai duk AM4 ne” gaskiya ce, amma rabinta.

Idan BIOS ɗin tsoho ne, mafita biyu ce. Ko a ari tsohuwar furosesa da bod ɗin ya sani a sabunta da ita, ko kuma tun farko a zaɓi bod mai maɓallin sabuntawa ba tare da furosesa ba. MSI na kiransa Flash BIOS Button, Gigabyte na cewa Q-Flash Plus, ASUS kuma BIOS FlashBack. Ana sa fayil ɗin a filash da aka tsara da FAT32, a sauya masa suna yadda littafin bod ya ce (na MSI yakan koma MSI.ROM), a jona wayoyin wuta biyu na bod, a sa filash ɗin a ramin da aka ware masa kaɗai, a danna, a jira fitilar ta daina ƙiftawa. Mintuna kaɗan ne, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiya bod ɗin na iya mutuwa. A inda ba a da tabbacin wuta, wannan aiki a kan UPS ko inbata ake yinsa, ba a kan sa rai ba.

Wane bod ya fi dacewa? Ga mai tsimi, A520 ya wadatar. Ba ya bari a ƙara wa furosesa gudu fiye da ƙa'ida, amma wanda ke lissafin kuɗi ba wannan ne a gabansa ba. Babban abin da B550 ke taƙama da shi PCIe 4.0 ne, wato hanya mafi sauri tsakanin furosesa da katin hoto ko ma'ajiya, ita kuwa 5600G iyakarta PCIe 3.0, don haka biyan kuɗin B550 saboda wannan kaɗai asara ce, sai dai idan akwai niyyar canza furosesa nan gaba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a leƙa bayan bod a ga ramukan hoto da yake da su. Mai tsohuwar monita ta VGA ya tabbatar akwai VGA, in ba haka ba sai ya ƙara kuɗin adafta. Kuma yawancin masu araha ba su zuwa da Wi-Fi.

RAM ne wurin da 5600G ba ta yafiya. Katin hoto na daban yana da tasa ma'ajiya mai sauri, ita kuwa wannan daga RAM ɗin kwamfuta take ɗiba, shi ne abincin sashen hoton. Sanda ɗaya ta 16GB da sanduna biyu na 8GB adadinsu ɗaya a takarda, amma biyun suna buɗe hanya biyu tsakanin furosesa da RAM, faɗin hanyar ya ninka. A aikin rubutu ba lallai ka ji bambancin ba, a wasa kuwa kamar ka canza kwamfuta ne. Saboda haka a sayi biyu, iri ɗaya, waɗanda aka haɗa a fakiti ɗaya, DDR4-3200. Idan bod ɗin mai ramuka huɗu ne, galibi na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake cikawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Wanda ya jera su kafaɗa da kafaɗa a na ɗaya da na biyu ya mayar da su hanya ɗaya, ya biya kuɗin biyu yana cin moriyar ɗaya.

Bayan an kunna ma da sauran aiki. Yawancin sandunan da aka rubuta wa 3200 da farko a 2133 ko 2400 suke tashi, sai an shiga BIOS an kunna XMP, saitin da ke kai RAM ga cikakken gudunsa, wanda ASUS ke kira DOCP, MSI kuma A-XMP. Mutane da yawa sun shekara da kwamfuta ba su taɓa kunna shi ba. A kuma tuna cewa sashen hoton zai yanki rabonsa daga RAM ɗin, don haka mai 8GB gaba ɗaya zai ga abin da ya rage wa Windows bai taka kara ya karya ba. 16GB shi ne daidai.

A kasuwar kayan hannu, ko a Computer Village ta Ikeja ne ko Banex a Abuja ko wani wuri, RAM kala-kala ne a tire ɗaya, sai an buɗe ido. DDR3 ba ya shiga, DDR5 ma haka, tsagar da ke ƙasan kowanne wurinta daban, kuma ba a tura shi da ƙarfi. Gajeren nan na laftof ba na tebur ba ne. Wanda ya fi kama mutane shi ne RAM ɗin manyan kwamfutocin saba, domin DDR4 ne, yana shiga ramin tsaf, ga araha, amma kwamfutar ba za ta tashi da shi ba. Ana gane shi da rubutun RDIMM ko REG a jikin takardarsa.

Ma'ajiya ba ta da wahala. SSD na M.2 mai girman 2280, nau'in NVMe, 500GB ko 1TB. Tunda furosesar PCIe 3.0 ce, gudunsa ba zai wuce wajen megabait 3,500 a daƙiƙa ba ko da an sa mai tsada na zamani na huɗu, wato PCIe 4.0. Zai yi aiki, amma an biya kuɗin gudun da ba za a gani ba. A wasu bod ɗin, cika ramin M.2 yakan kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA, sai tsohon hadis ya ɓace a rasa dalili. Littafin bod yana faɗin waɗanda abin ke shafa.

Fawa-fak kuwa, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, nan ne masu tsimi suka fi yi wa kansu illa. Wannan haɗin gaba ɗaya ba ya shan wuta da yawa, wat 450 zuwa 550 na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus, ya isa har da katin hoto matsakaici da za a ƙara daga baya. Mara suna mai nauyin kwalin ashana da aka manna wa “650W” shi ne abin gudu, domin ranar da zai mutu ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Wayoyi biyu ke zuwa bod: babbar mai fil 24, da ta furosesa mai fil 8 wadda ke rabuwa huɗu-huɗu. Kada a rikita ta da ta katin hoto mai rabuwa shida da biyu, tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne. Idan tsohon fawa-fak ne da aka shigo da shi daga Amurka mai jan makunni a baya, a tabbatar yana kan 230 kafin a jona, don wutarmu ke nan. A kan 115 ƙara ɗaya zai yi ya ƙone. Sannan fawa-fak da akwatin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake samu a kayan Beljiyam, da yawansu ƙirar kamfanin ce ta musamman, wayoyinsu da ramukan notinsu ba sa dacewa da bod na gama-gari.

Akwati ya bi girman bod. Yawancin A520 da B450 masu araha microATX ne, ba sa wuce santimita 24.4 kowane gefe, suna shiga akwatin microATX ko na ATX. A tabbatar ƙananan ginshiƙan tagulla da bod ke zama a kansu suna daidai da ramukansa, kuma babu wani ragowa da ke taɓa bayan bod inda babu rami. Akwati mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke ya fi mai gilashi da fitilu amfani, musamman inda hunturu ke cika ɗaki da ƙura, bazara kuma ta zo da zafinta. Fankar da ta zo a kwali tana riƙe furosesar, sai dai takan ɗaga murya idan aiki ya yi nauyi a ɗaki mai zafi. Iyakar zafin da AMD ta sa mata digiri 95 ne. Ganin 70 da wani abu lokacin aiki ba abin tashin hankali ba ne.

Wajen ɗaura fankar, ana kwance robobi biyun da suka zo a kan bod, a bar farantin ƙarfen baya, don a cikinsa notukan fankar huɗu ke shiga, a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye. Ranar da za a cire ta kuma, a bar kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, a murɗa fankar hagu da dama kafin a ɗaga. Ƙafafun AM4 a jikin furosesa suke, idan man ya bushe aka fizga kai tsaye sai ta biyo fankar, ƙafafu su lanƙwashe.

Raunin 5600G na gaskiya yana bayyana ne ranar da aka ƙara mata kati. Ma'ajiyarta ta L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, 16MB ce, rabin ta 5600 mara G, don haka da kati iri ɗaya waccan ta fi ta a wasanni. Kuma katuna irin su RX 6400 da RX 6500 XT, masu layin PCIe huɗu kacal, suna rasa wani ɓangare na ƙarfinsu a kan PCIe 3.0. Ba ta kuma da sashen warware bidiyon AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo, furosesar ce ke ɗaukar nauyinsa da kanta. Windows 11 tana hawa lafiya, sai dai a tsohon BIOS a kunna fTPM, sashen tsaron da take buƙata, tukuna. Wanda ya san tun ranar farko zai sayi kati, ya ɗauki 5600 kawai. Wanda kuma yake son bod ɗin da zai ci gaba da karɓar sababbin zuriyoyin furosesa, wannan sai sabon soket AM5 da RAM na DDR5, kuma kuɗinsa wani lissafi ne daban.