Katin Paris Museum Pass: ya biya kuɗinsa amma kar a yi zari

Wata ƙawata da muke zane tare ta dame ni da tambaya wai katin nan na shiga gidajen tarihi da na zane-zane a birnin Paris ya cancanci kuɗinsa, to ga abin da na gani. Na kwana 4 na saya, akwai na kwana 2 da na 6, kuma lissafinsa da awa ne, daga lokacin da ka fara shiga da shi agogo ya fara juyawa.

Ranar farko zari ya kama ni, na ce sai na ci kuɗina, gidan tarihi na Louvre da safe na Orsay da yamma, wallahi kafin la'asar ƙafa ta kumbura ido ya ƙoshi, fensir ɗina ko fitowa daga jaka bai yi ba. Mona Lisa kuwa, shahararren zanen nan da ke Louvre, ƴar ƙarama ce fa, santimita 77 da 53 a bayan gilashi, abin da na fi kalla ƙeyar mutane ne da wayoyinsu a sama. Louvre ko da katin sai ka kama lokacin shiga ta intanet tukuna, kuma Talata a rufe suke, Orsay kuma Litinin.

Inda kuɗina ya fito shi ne gidan zane-zane na Orangerie. Ɗakuna biyu ne masu siffar ƙwai, an zagaye bangonsu da manyan zanuka 8 na Monet, wani mai zane ɗan Faransa, an kafa su a 1927 bayan rasuwarsa, hasken rana na saukowa daga rufi. Kuma me mutumin nan ya zana? Bado! badon da muke wucewa a kududdufi da damina ko kallo bai ishe mu ba. Na matsa kusa sosai, babu fure babu ruwa, fenti ne kawai an dangwala, shuɗi a kan kore a kan wani ruwan hoda, wani wurin ma ana ganin sawun buroshi ya bushe a hanya. Na ja baya taku biyar sai ga ruwa ya kwanta har da inuwar gajimare. Awa biyu na yi a bencin tsakiya ina gwadawa a littafina, shafi shida na ɓata.

In zane ya kai ka, gida ɗaya a rana ya isa, ka sa takalmi mai laushi, ka riƙe fensir da ƙaramin littafi, ka kuma ci abinci kafin ka shiga dan shayin unguwannin nan tsada gare shi ba kaɗan ba.