Na biya mafarauci ya kai ni ganin mesa a dajin Tsevie

Masu tambayata ko su sayi ƙaramar mesa su ajiye a gida ko su je su gan ta inda Allah ya ajiye ta, na leƙa duka biyun a nan Togo, kuma daji na zaɓa. Wanda ya kai ni wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ewe, a wani ƙauye kusa da Tsevie, arewa da Lome, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Sana'arsa kamun mesa yana sayar wa gonakin macizai, amma da na ba shi jaka 15 na sefa ya zaga da ni tun asuba har rana ta take.

Mesar da nake nufi ba ƙatuwar nan mai haɗiye akuya ba ce. Ƙarama ce, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, ba ta da dafi, in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Ita ce ake fitarwa dubun-dubata kowace shekara daga Togo da Benin da Ghana zuwa Amurka da wasu ƙasashe, ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, da ta fara aiki a 1975.

Abin da na biya kuɗinsa shi ne idon mutumin nan. Muna ratsa gonar rogo, ni ƙasa kawai nake gani, shi kuwa sai ya tsuguna bakin ramin gafiya ya ce, "Malam, dubi nan." Bakin ramin ya yi sumul, babu sabuwar ƙasar da gafiya ke turowa, babu yanar gizo. Wato mai gida ya tashi, baƙuwa ta tare. A gindin wani suri ya tsinci saɓa, ya murza ta a yatsa ya ce ta kwana biyu, mu wuce. Ya duba kututturan kwakwar manja da aka kayar don tatsar bammi, ya ce ruɓaɓɓen cikinsu na da ɗumi da laima, mesa na son sa. Mun fi awa biyu ba mu ga komai ba, ban kuwa gaji ba, domin kowane rami da bayaninsa.

Da muka same ta, kwance take a kan ƙwai. Ya buɗe gefen ramin da dagi a hankali, na haska tocila, ga ta ta nannaɗe farare guda shida manne da juna. Wajen wata biyu take yi a haka, ba ta cin komai. Na roƙe shi, "Baba, a bar mata." Ya yi shiru, sannan ya ce ƙwan nan kuɗin makarantar jikokinsa ne. Na ƙara masa wani abu, ya mayar da ƙasa ya rufe. Wannan wurin ya tsaya mini a rai, domin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta riga ta sa wannan mesa cikin dabbobin da ke dab da shiga haɗari, shi kuma dattijon da bakinsa ya ce yanzu sai ya yi nisa kafin ya samu abin da a da yake samu a bayan gida.

Gonar macizan da na shiga a Lome kuwa tsaf take, ma'aikatan sun karɓe ni hannu bibbiyu. Jarirai ne jere a robobi, lafiyayyu, babu kaska. Sai dai mai saye ya sani, yawancinsu ƙwan daji ne aka ƙyanƙyashe a gona, ba 'ya'yan iyayen da aka kiwata ba. Kiwo na ainihi ya fi ƙarfi a Amurka, inda tun 1992 aka fara samar da zabiyarta. Duk wanda ya nace sai ya ajiye, ya nemi wadda aka haifa a hannu, don babbar da aka kamo takan ƙi cin abinci wata da watanni. Ya kuma tuna tana iya shekara 30 tana jiran ɓera daga gare shi.

Inda dattijon ya gaza shi ne tsaro. Da silifa yake shiga ciyawa, bai tambaye ni me na sa a ƙafa ba, alhali dajin da mesa take nan kasa da kububuwa da gamsheƙa suke. Ba ya kuma jin Hausa, Faransancinsa kaɗan ne, sai da ɗansa ya yi mana tafinta. Ka zo da dogon takalmin danko da ruwan sha, ka san asibitin da ke da maganin dafin maciji kafin ka bar Lome, kada kuma ka zura hannu a rami ko da ka ga shi ya zura. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake samun su kan ƙwai, kuma tun a gida ku yi ciniki cewa kallo kawai za ka yi, babu ɗauka.